Wace kalma za mu ba fascism da Hausa?

Jama'a, ina neman shawararku. Ina rubutu kan fim ɗin Swing Kids na 1993, labarin samarin birnin Hamburg na Jamus masu son kiɗan jaz a zamanin Hitler, sai kalmar fascism, wato aƙidar mulki irin ta Hitler, ta tsayar da ni.

Da yawa za su ce "mulkin kama-karya". Ni dai bai gamsar da ni ba. Mai kama-karya kujerarsa yake karewa, in ka yi shiru yana iya ƙyale ka. Wannan aƙida kuwa har ɗakinka take bin ka. Tun 1935 aka hana sa jaz a rediyon Jamus, wai kiɗan baƙar fata ne da Yahudawa. A 1939 shiga ƙungiyar matasan Hitler ta zama tilas. Su kuwa yaran nan ba jam'iyya gare su ba, ba bindiga. Sun tara suma, sun sa doguwar kwat irin ta Ingila, suna yawo da lema ko ba hadari, suna ɓoye faifan garmaho, suna gaisawa da "Swing Heil" maimakon gaisuwar gwamnati. A kan haka aka kama fiye da 300 a Hamburg a Agustan 1941, aka aske wasu da ƙarfi, aka tura wasu sansanin tsare matasa na Moringen. A Janairun 1942 Himmler, shugaban 'yan sandan Hitler, ya ba da umarni a tsare jagororinsu shekara 2 zuwa 3.

Wani ya kawo "fir'aunanci". Tana da nauyi a kunne, amma girman kan mutum ɗaya take nunawa, ta bar dubban mabiya masu kaki da maci. "Fasisanci" kuma tana da haɗari, mai sauraro zai ji fasiƙanci.

Asalin kalmar daga Italiya ne, inda Mussolini, wanda daga baya ya mulki ƙasar, ya kafa ƙungiyarsa a Milan a 1919: tana nufin damin sanduna da aka ɗaure tamau, da gatari a ciki. Mu ma muna cewa tsintsiya maɗaurinki ɗaya, sai dai wannan haɗin kai ne na son rai. Nasu da igiya ake jawo mutum, wanda ya ƙi a karya shi.

Shi ya sa na tsaya a kan "aƙidar ɗaurin-dole". Duk wanda ya san auren dole zai gane nan take. Mabiyinta ɗan ɗaurin-dole, jam'i 'yan ɗaurin-dole.

Malamanmu na Hausa da 'yan jarida, ko kuna ganin za ta zauna a bakin mai karanta labarai? 'Yan'uwa na Nijar, ku me kuke cewa a gidajen rediyonku?