Namiji ne ko mace? Yadda masu kiwon zomo ke tantancewa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. 'Ya'yan zomo bakwai ne, yau satinsu biyar, in an juya su duk kamarsu ɗaya. Ta ina ake gane namiji da mace, kuma yaushe ya kamata a raba su?

Mai kiwo daga Zariya:
Wa alaikumus salam. A sati biyar ana iya gani, amma an fi samun tabbas daga sati shida zuwa takwas. Ka yi aikin da safe, a wuri mai haske, kafin rana ta buɗe. Ka zauna ka shimfiɗa tsumma a cinya, ka kwantar da ɗan zomon rigingine, hannu ɗaya na riƙe da ƙirjinsa. Da ɗaya hannun ka matse wutsiyar tsakanin yatsu biyu ka ja ta baya kaɗan. Za ka ga ƙofa biyu. Ta jikin wutsiya dubura ce, ba ruwanka da ita. Ta gaba ita ake dubawa. Ka sa babban yatsa ka danna gabanta a hankali har jan naman ya leƙo. In namiji ne, wani ɗan bututu zai turo, bakinsa a zagaye kamar bakin bututun biro. In mace ce tsaga za ka gani, mai tsini ta gaba, ta gangara har ta kusa haɗewa da dubura.

Wata mai kiwo, Katsina:
Malam ya faɗi daidai, sai dai a nan ake yawan faɗawa rami: ita ma macen in an danna da ƙarfi nata yana turowa, sai a ce namiji ne. Don haka turowa kaɗai ba hujja ba ce. A duba ta gefe. Na namiji tsayinsa ɗaya ta ko'ina, ya rabu da dubura. Na mace gaba ya fi tudu, baya ya kwanta. In kuma dannawar ta yi kaɗan, duka biyun tsaga za su nuna. Dabara mai sauƙi: a ɗauko biyu a jera su, mutum ɗaya ya riƙe, ɗaya ya duba. Da an ci karo da jinsi biyu a jere, ido ya koya ke nan.

Wani daga Maraɗi:
Hajiya, a ƙara da batun maraina. Ba sa sauka sai wajen sati goma zuwa sha biyu, wani ma ya haura haka. Kuma na zomo ba a bayan azzakari suke ba kamar na akuya, suna gefe da gefe ta gaba, dogaye, fatar ba gashi sosai. Zomo yana iya janye su cikin ciki in ya tsorata, shi ya sa za ka juya ƙaton namiji ka ga wayam. Ganin maraina tabbas ne, rashin ganinsu ba tabbas ba ne. Sannan akwai wasu 'yan aljihu biyu a gefen al'aura masu baƙin maiƙo mai wari, namiji da mace duk suna da su, kada a ɗauke su wata alama.

Mai tambaya:
To wanda ke hawan 'yan uwansa fa? An ce shi ne namijin.

Wata mai kiwo, Katsina:
Ina! Mace tana hawan mace don nuna isa. Har ta kan sa wadda aka hau ta yi cikin ƙarya na kwana 16 zuwa 18, ta tsige gashin ƙirjinta ta yi sheƙa, ba ɗa ba jika. Faɗin kan namiji da naman da ke taruwa a ƙarƙashin haɓar mace kuwa, sai a manya suke fitowa, kuma sun danganta da iri da ƙiba. A zomaye irin New Zealand White ko Chinchilla da suka girma suna taimakawa, a ƙanana ba su da amfani.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, Jos:
Abu biyu. Na farko riƙo. Kada a ɗaga zomo da kunne, kuma kada a bar ƙugunsa yana lilo. Ƙashin bayansa ba ƙwari, ƙafafun baya kuma ƙarfi gare su; shuri ɗaya a iska yana iya karya gadon baya ya shanye. In ya fara fizge-fizge a sauke shi, a sake gwadawa anjima. Kwanciyar rigingine ma kada ta wuce 'yan daƙiƙu, shirun da yake yi tsoro ne.

Na biyu, akwai namijin da ake haifa da tsagaggen azzakari. Yana ƙarami sak mace, sai maraina sun sauka asiri ya tonu. Irin wannan kada a bar shi barbara, domin ana gadonsa.

Mai kiwo daga Zariya:
Batun rabawa: kada su wuce sati goma a keji ɗaya. Ƙananan iri suna iya ɗaukar ciki tun suna wata uku zuwa huɗu, cikin kuma kwana 31 ne, ko ƙasa ko sama da kwana ɗaya biyu. Macen da ta haihu jikinta bai gama ginuwa ba, sau da yawa watsar da 'ya'yan take yi, ita ma girmanta ya tsaya. Mazan kuma da sun balaga sai faɗa, kuma maraina suke nema da cizo, don haka kowane da kejinsa. Ka duba sau biyu, ranar yaye da kuma a sati goma, ka sa wa mazan alama da alƙalamin maka a cikin kunne, kana sabunta ta duk sati don tana gogewa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. An duba: uku bututu, uku tsaga, ɗaya ya ƙi fayyacewa.

Wani daga Maraɗi:
Wannan ɗayan ka ware shi shi kaɗai, ka sake juya shi bayan sati biyu. Kafin nan kada ya kwana da matan.