Gudawa bayan allurar sati shida: in koma ko in haƙura?

Maman Ilham: Assalamu alaikum, don Allah a ba ni shawara. A Agege muke, maigida yana harkar shanu a abbatuwa, Hajiyarsa ta zo suna daga Funtuwa har yau ba ta koma ba, ɗaki ciki da falo, ni ce girki ni ce wanki. Na kai yarinya allurar sati shida, aka yi mata a cinya, aka ɗiga mata na shan-inna da na rota, wato rigakafin ƙwayar cutar da ke sa yara zawo. Tun ranar kashinta ya tsinke, ga majina. Ƙanwar maigida ta turo bidiyo wai rigakafi yana kashe ƙwayoyin halitta masu amfani na hanji da hancin jariri. Hajiya ta ce ba sauran komawa.

Anti Nas: Ki koma ta sati goma, ba wata magana. Ɗigon rota, da aka fara a Najeriya a 2022, yakan sa ɗan zawo ya wuce. Allurar PCV kuwa, wato rigakafin nimoniya, eh, tana canza abin da ke zaune a hanci: nau'o'in ƙwayar nimoniya da aka yi ta dominsu su ragu, wasu su maye gurbi. Aikinta kenan! Masu amfanin hanji, irin bifidobakteriya, nono ke ciyar da su. Mai karkashe su shi ne antibayotik. Me kika ba ta?

Maman Ilham: Septrin na kemis, sai dauri da Hajiya ke ɗura mata.

Anti Nas: To ga ɓarawon nan a gida, Septrin ai antibayotik ne.

Ummu Sadik: Ku ma'aikata kun iya faɗa a waya. Ni tun asuba na bi layi a Mile 12, azahar aka ce in dawo wani satin, ga kuɗin Keke.

Maman Biyu: 'Yar uwa, bi Hajiya ki zauna lafiya. Ki jinkirta zuwa yarinya ta yi ƙwari.

Anti Nas: Tarin shiƙa ba ya jiran ta yi ƙwari. Ki daina Septrin da daurin, nono zalla. In ta ƙi kama nono, ko maɗigarta ta loɓa, ko kika ga jini a kashi, asibiti yau ɗin nan.

Maman Ilham: Anti, daurin nan da shi aka raini babanta fa. Kuma Septrin ɗin bayan zawon na fara, ba kafin ba. Ni bidiyon nake tambaya, wata ta kalla kuwa?