Neman Kalma: Me Za Mu Kira Rubuta Baƙon Suna da Haruffan Japan?

Jama'a, ina neman taimakonku a kan wata kalma. Turawa suna da kalmomi biyu, transliteration (bin rubutu harafi bayan harafi) da transcription (rubuta kalma yadda kunne ya ji ta), waɗanda mu kan haɗa su mu ce "fassara", alhali kuwa fassara ma'ana take ɗaukowa daga wani harshe zuwa wani, ba sauti ba. Abin da ya tayar da maganar shi ne yadda Japanawa suke rubuta sunan baƙo.

Rubutun Japananci kala uku ne: kanji, wanda suka aro daga Sin, da hiragana, da katakana. Katakana ita aka ware wa baƙin kalmomi da sunayen baƙi. Asalinta tun ƙarni na 9 ne, lokacin da malaman addinin Buddha suka riƙa gutsuro ɓangarorin kanji don sauƙaƙa karatu, kuma tushen haruffanta 46 ne. In ban da wasula biyar, kowane harafi gaɓa ce sukutum, wato baƙi haɗe da wasalinsa. "N" kaɗai ke iya tsayuwa ba wasali. Shi ya sa Ibrahim yake komawa イブラヒム, a karanta Iburahimu. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba, tunda mu ma haka muka yi har muka samu burodi da tebur. Sai dai Japanawa ba su bambanta "l" da "r", saboda haka Bala zai ga sunansa ya zama バラ, wato Bara, Lami kuma ta wayi gari Rami. Ɓ da ɗ da ƙ kuwa, babu ma maganarsu.

Wani malami ya kawo shawarar "juyin haruffa", bisa hujjar cewa mun saba cewa an juya rubutun ajami zuwa boko. Malam, na yarda kalmar tana da gindi a cikin harshen, kuma ina ganin ita ce ta dace da transliteration, inda ake bin rubutu harafi bayan harafi. Amma ba wannan aikin Japanawa suke yi ba. Su kunne suke bi, ba ido ba. Ga hujja: sunan Michael rubutunsa ɗaya ne a Ingilishi da Jamusanci, amma mawaƙin nan na Amurka Michael Jackson a wurinsu マイケル ne, Maikeru, shi kuwa direban tseren motoci na Jamus Michael Schumacher ミハエル ne, Mihaeru. Haka ma Charles: Sarkin Ingila Chāruzu ne, tsohon shugaban Faransa Charles de Gaulle kuma Sharuru. Da haruffa ake juyawa, da ba a samu suna ɗaya ya fito da fuska biyu ba.

Don haka ni abin da nake ba da shawara shi ne "rubutun lafazi". Kalmar lafazi ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya zauna a gaban malamin tajwidi, kuma tana shiga jimla ba tare da ƙaƙale ba: "An rubuta sunansa da katakana bisa lafazi." Wata 'yar'uwa ta fi son "rubutun furuci", tana mai cewa furuci ya fi zama Hausa tsantsa. Hajiya, maganarki tana da ƙarfi, kuma masana ilimin harshe da furuci suke aiki. Abin da ya hana ni bin ta kawai shi ne, a bakin mutane furuci ya fi karkata ga abin da mutum ya faɗa, kamar a ce wane ya yi mummunan furuci.

Ita kanta katakana a bar ta da sunanta, kamar yadda muka bar ajami da nasa.

Saura abu ɗaya da nake son jin ra'ayinku. Japanawa suna da wata alama, ー, mai nuna jan wasali, wadda ita ke bambanta ムサ da ムーサ a sunan Musa, kuma na biyun ne ya fi kusa da yadda muke faɗa. Shin mu ara mata "madda" daga masu karatun allo, ko mu ce "alamar ja"?