Muhawara: Makon kwana huɗu ƙarin albashi ne ga malami, ko ƙarin nauyi?

Malam Habu: Salamu alaikum 'yan uwa. Ga maganar da nake so mu tattauna. Tun Disamba 2021 gwamnatin El-Rufai ta mayar da ma'aikatan Kaduna aikin kwana huɗu a mako, makarantun gwamnati suka bi sahu a Janairu 2022. Ni a ganina wannan ƙarin albashi ne a fakaice. Malamin da ke kashe naira 1,000 kuɗin mota kullum, an cire masa Juma'a huɗu a wata, ya tsira da 4,000, ga yini guda na gona ko shago. Tunda gwamnati ba ta iya biyan abin da zai riƙe malami, ta biya shi da lokaci. Da babu gara ba daɗi.

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam. Malam, lissafin ya tsaya a rabi. Dubu huɗu cikin 72,000 da Kaduna ta amince da shi a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024 bai kai kashi 6 cikin ɗari ba. Kuma malamin da a da yake cin tuwon rana a gidansa, idan an tsawaita yini sai ya sayi abinci a bakin makaranta. Naira 500 sau 16 a wata, 8,000 ke nan. Ribar ta tafi, har da uwar kuɗi.

Malam Habu: Sai ya zo da kularsa daga gida, Malama.

Baba Ado: Ku ajiye zancen kula, ku ɗauko jadawali, nan gizo yake saƙa. A ɗauki ƙaramar sakandare mai darasi 8 a rana, kowanne minti 40, Litinin zuwa Alhamis, sai 5 ranar Juma'a saboda ana tashi da wuri a tafi masallaci. Jimla 37. In an cire Juma'a, darussa biyar ɗin nan minti 200 ne, wato ƙarin minti 50 kowace rana. A takarda ba wani abu ba ne. To yanzu a ce makarantar tana da azuzuwa 12, lissafi sau biyar a mako kowane aji, darasi 60 ke nan, kuma malaman lissafi biyu ne. Kowanne 30. A kwana biyar yana shiga aji sau 6 a rana. A kwana huɗu sau 7 ko 8, cikin darussa 9 ko 10 da ake da su. Yaushe zai duba littattafan yara 80 na aji ɗaya? Yaushe zai rubuta shirin darasi, ya cike dayari? Rage kwana bai ƙaro malami ko ɗaya ba, matse aikin kawai aka yi wuri guda.

Malam Habu: Baba, ai shi ne amfanin Juma'ar. Ya zauna gida ya yi makin, ya shirya darasin mako mai zuwa.

Baba Ado: To ɗana, ka zaɓi ɗaya. Ko Juma'ar ta gona da shago ce kamar yadda ka faɗa da farko, ko ta makin ce. Ba a gudu ana susar baya.

Malama Rabi: Akwai kuma abin da ba a taɓo ba. Makarantun cikin gari da yara suka yi wa yawa suna yin zuwa biyu, 'yan safe su tashi, 'yan yamma su shiga ajin da suka bari. Irin wannan ba inda za a cusa minti 50, don na safe na tsawaita zama na yamma na tsaye a ƙofa. Abin da ke faruwa sai a rage darasi daga minti 40 zuwa 30 ko 35, ko a yi shiru a zubar da noma, zane da motsa jiki. Sannan darasi na tara a watan Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano mara silin, yara sun ci rabin yini ba ruwa ba abinci: malami na rubutu a allo, rabin aji sun kifa kai a benci. Ga Islamiyyar la'asar na jiransu. Yarinya kuwa Juma'ar da ba makaranta, tire ake ɗora mata.

Injiniya Bello: Ni ina bayan Malam Habu da sharaɗi. Kwana huɗu ba baƙon abu ba ne. Faransa ta koma kwana huɗu a firamare a 2008, awa 24 a mako, Laraba hutu. Ta ƙara rabin yini a 2013, daga 2017 kuma aka bar garuruwa su zaɓa, mafi yawansu suka koma huɗun. A Amurka, gundumomin karkara da yawa a jihohi irin su Kolorado da Misuri sun ɗauki tsarin, kuma jawo malamai na cikin dalilansu. Mu ma makarantar allo tun kaka da kakanni tana da hutun Alhamis da Juma'a, ba a ce karatu ya lalace ba. Sharaɗin shi ne kada awannin karatu su ragu.

Malama Rabi: Injiniya, yaron Faransa yana da ɗakin cin abinci a makaranta da hutun rana mai tsawo. Almajiri kuwa da asuba yana karatu, da dare yana karatu. Namu ɗan firamaren awannin ajin nan su ne iyakar abin da yake samu.

Baba Ado: Kuma abin da ke korar malami ba yawan kwana ba ne. Mai NCE, wato takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi, matakin albashi na 07 yake shiga, mai digiri 08, ƙarin girma ya makale shekaru, in ma an ba shi takardar ba a sa kuɗin. Albashin firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fita ta hannun SUBEB, hukumar ilimin firamare ta jiha, shi ya sa gwamna zai sanar da ƙari, malamin firamare ya daɗe bai gani ba. Ko a Abuja, malaman firamare sun fi wata uku suna yajin aiki a 2025 kan mafi ƙarancin albashi na 70,000. Buhari ya yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai ranar 5 ga Oktoba 2020. Abin da ya zama doka a 2022 shi ne ritaya a shekara 65 ko bayan aikin shekara 40. Ta ɓangaren yawan malamai kuwa, Kaduna ta sallami malamai 21,780 bayan jarrabawar gwaji da ta yi musu a 2017, ta ce za ta ɗauki 25,000, sannan ta sake sallamar 2,357 a Yuni 2022. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a babbar sakandare. Ku leƙa aji ɗaya a unguwarku ku ƙirga kawuna.

Malam Habu: Na karɓi gyara a kan jadawali, Baba, Allah ya ƙara girma. Amma ban janye gaba ɗaya ba. Malamin da aka tura ƙauye mai nisan kilomita 30, da ma Juma'ar ba zuwa yake yi ba, hedimasta ya sani, sufeto ya sani. Gara a halatta masa, a kama shi da kyau a kan kwana huɗun.

Malama Hadiza: In don na ƙauye ne, a ba shi alawus na karkara da ɗakin kwana kusa da makaranta. Ko a yi karɓa-karɓa: makaranta a buɗe kwana biyar, kowane malami a tattara masa darussansa cikin huɗu, hutun wani Litinin, na wani Laraba.

Baba Ado: Wannan yana yiwuwa a sakandare mai malamai uku ko fiye a kowane fanni. A firamare, inda malama ɗaya ke riƙe da aji tun safe har tashi, ranar hutunta wa zai shiga ajin?