Jiki: Jaki Ne Ko Haikali?

Baba Mai Sanda:
'Ya'yana, yau gwiwa ta hana ni durƙusawa,
A zaune na yi addu'ar safe, ƙugu na ta sarawa.
Littafin Farawa ya ce ƙura ce mu, can za mu komawa,
Faransis na Asisi "ɗan'uwa jaki" yake ce wa jikinsa, ba ɓoyewa.
Nawa jakin ya gaji, kaya yake son saukewa.

'Yar Jinya:
Baba, sannu da jiki, amma ban yarda ba,
Jakin nan naka Ubangiji bai raina shi ba.
Yohanna 1:14, Kalman, wato Yesu, ya zama mutum, bai ƙyamaci nama da jini ba,
Ya ji yunwa, ya yi barci a jirgi, a kabarin Li'azaru bai ɓoye hawaye ba.
Masu cewa kamanni kawai aka gicciye, Ignatiyus na Antakiya bai raga musu ba,
Taron shugabannin ikkilisiya a Kalsidon, shekara ta 451, bai rage masa mutuntaka ba.
Kullum ina wanke gyambo, ina juya wanda bai iya juyawa ba,
Ban taɓa riƙe jikin da ba haikali ba.

Ɗan Hamada:
Yaya, a yi hattara, jiki doki ne, sai da linzami,
Antoni ya shige hamadar Masar, gurasa da gishiri da azumi.
Saminu ya haura shekara 30 bisa ginshiƙi a Siriya, sanyi da gumi,
Bulus ma ya ce yana horon jikinsa da ƙaimi.

'Yar Jinya:
Ƙanena, linzami daban, bulala daban,
Faransis ɗin ma, da ajali ya matso, gafarar jikinsa ya nema.
Basil na Kaisariya, wajen 370, gidan jinya ya gina,
Kutare suka sami gado da mai wanke musu rauni.

Baba Mai Sanda:
'Yata, kin tuna mini Toma da aka ce ya kawo yatsa,
Wanda ya tashi daga matattu da tabon ƙusa ya fito, bai goge shi ba,
Har gasasshen kifi ya karɓa ya ci a gabansu.
Agustin ya ce tabon shahidai zai zama musu ado ran tashi.
Ashe gwiwar nan ma za ta tashi?
Bari in ɗora ruwa a wuta in gasa ta,
Na daɗe ina zaginta, ita da ta kai ni sujada shekara 70.