Taƙaitawar zancen mayar da jif motar aiki

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar muhawarar nan kan ko ya dace mai sana'a a arewacin Kamaru ya mayar da jif motar aiki.

1. Kusan baki ya zo ɗaya kan hanya. Mai bin Mora zuwa Kuseri da damina, ko mai shiga ƙauyukan bayan Garwa, jif ta fi masa Hiace: ƙasanta na da tsayi, kuma ƙafa huɗu ke ja cikin laka.

2. Lodi, nan aka fi daɗewa. Cire kujerun baya yana ba da wuri, amma ba ya ƙara mata ƙarfin ɗauka. Wani mai haɗa sola ya ce batura ya jera a bayan Prado, bayanta ya durƙushe har taya na gogar jiki. Masu Land Cruiser 78 sun ce tasu ta fi jurewa saboda sifirin ganye ne a baya, wato falle-fallen ƙarfe da aka jera kan juna. Kaya mai nauyi a ƙasa, a ɗaure. Jibga shi a rufi yana kifar da mota a kwana, ni kam wannan ya fi tsorata ni.

3. Mai. An rabu. Wasu sai gazuwal, wasu sun ce fetur, tunda tafiye-tafiyen na kusa ne. Makanikai sun ja kunne kan gurɓataccen mai.

4. Takardu: a sanar da kamfanin inshora cewa motar sana'a ce, kada ranar hatsari su ƙi biya.

5. Mai aikin cikin Marwa kaɗai, da yawa sun ce ya sayi Hiace ko Hilux.