Wai me masu bincike suka gano a kan soshiyal midiya ne?

Ɗaliba_Aji4: Assalamu alaikum jama'a. Furojet ɗina a kan illar soshiyal midiya ga matasa ne, da farko na ɗauka abu ne mai sauƙi tunda kowa ya san tana ɓata yara, amma da na fara karanta takardu sai kaina ya kulle, wannan ya ce tana jawo ciwon damuwa wancan ya ce ba wani tasiri na a zo a gani. Supabaizana ya dawo min da babi na biyu da jan biro, har wuri uku ya rubuta "ina hujja?". Don Allah wa zan bi?

Malamin_Lissafi: Wa alaikumus salam ƙanwata. Malaminki yana da gaskiya fa. Nemi aikin Amy Orben da Andrew Przybylski na jami'ar Oxford, 2019, sun duba bayanan matasa sama da 350,000 sai suka ga amfani da waya da kwamfuta bai fi kashi 0.4 cikin ɗari yake bayyanawa ba na bambancin walwalar yara, har suka ce kusan daidai yake da alaƙar cin dankali da walwala, abin dariya amma da gangan suka kawo misalin. Kuma ko an ga alaƙa, wa ya jawo wa? Yarinya ta shiga damuwa saboda tana kwana a waya ne, ko damuwar ce ta hana ta barci ta ɗauki waya? Takardar tambayoyi ba za ta raba miki wannan gardamar ba.

Maman_Biyu: Malam ni dai ban gamsu ba wallahi. Idan ka haɗa yara dubu ka fitar da matsakaici, ɗayar da abin ya cinye ta ɓace a cikin lissafin. Tawa 'yar sai ta ɗauki hoto ashirin ta goge sha tara, sannan ta zauna tana ƙirga layik kamar mai jiran sakamakon jarabawa. Kuma ai a 2021 Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fito da takardun cikin gida na kamfanin, su da kansu sun gano manhajarsu ta Instagram tana ƙara wa wasu 'yan mata ƙin jikinsu, ba su faɗa wa kowa ba.

Malamin_Lissafi: Hajiya ban musa ba, matsakaici yana ɓoye mutane. Shi ya sa na fi yarda da gwaji. A 2018 Hunt Allcott da abokan aikinsa a Amurka sun biya mutane su rufe Facebook na sati huɗu, sun samu kusan awa ɗaya a rana ta dawo hannunsu, walwalarsu ta ɗan ƙaru, zafin ra'ayin siyasa ya ragu, amma fa sanin labarai ma ya ragu. Sai dai manya aka gwada ba yara ba.

Ɗan_Jarida: Ni abin da ya fi damuna ba damuwar ba ce, ƙarya ce. Masu bincike na jami'ar MIT ta Amurka sun bi labarai kusan 126,000 a Twitter daga 2006 zuwa 2017, na ƙarya sun fi samun masu yaɗawa da kashi 70 cikin ɗari, kuma mutane ne ke turawa ba bot ba (wato asusun da na'ura ke sarrafawa), mu ɗin nan dai. Sannan ki sa a ranki bayanan duk suna hannun kamfanonin, Twitter ya rufe damar ɗibar bayanai kyauta a 2023, Meta mai Facebook ta kashe CrowdTangle, manhajar bibiyar abin da ke yaɗuwa a shafukanta, a 2024, to mai bincike da me zai yi aiki?

Ɗaliba_Aji4: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan cire "illa" daga taken in sa "tasiri", in raba babin gida biyu, na tambayoyi daban na gwaji daban. Malam, wancan na dankalin a wace mujalla ya fito?

Malamin_Lissafi: Nature Human Behaviour. Ki karanta shi da kanki kafin ki kai masa, zai tambaye ki.